Ta yaya mikiya take numfashi a inda mutum ba ya iya shaƙar iska?

Malam_Ɗan_Azare:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon masanan da ke cikin wannan zaure su taimaka mini da bayani a kan wani al'amari, domin darasin halittu nake koyarwa a sakandare, kuma ba na son in tsaya gaban yara da maganar da ni kaina ba ta zauna mini ba. A ranar 29 ga Nuwamba, 1973, wani jirgin sama ya yi karo da tsuntsu a samaniyar birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa, a nisan mita 11,300 daga ƙasa. Injin jirgin ɗaya ya lalace, amma ya sauka lafiya, kuma da aka binciki gashin da ya maƙale sai aka gane cewa na mikiya ne, wato babbar ungulun nan mai dabbare-dabbaren baya da ke rayuwa a yankinmu na Sahel. Har yau ba a sami wani tsuntsu da aka tabbatar ya wuce wannan nisa ba. Tambayata ita ce, a wurin da ake ce wa fasinja ya yi maza ya sa takunkumin iska idan jirgi ya sami matsala, ta yaya tsuntsu yake numfashi, har ma ya sami ƙarfin tashi?

Alhaji_Bappa_Kumo:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ni kam maganar ta yi mini nauyi. Lokacin da muka tashi daga Gombe zuwa aikin Hajji, allon da ke gabanmu yana nuna nisan da jirgi ya yi da kuma sanyin da ke waje, kuma na ga ya wuce digiri 40 ƙasa da sifiri. A irin wannan sanyi ko ruwa ka watsa sai ya daskare kafin ya je ko'ina. Anya kuwa ba tun a ƙasa jirgin ya kwashi tsuntsun ba, sai daga baya injin ya nuna alama?

Injiniya_Bajoga:
Alhaji, matuƙin jirgin ne ya ba da rahoton nisan a daidai lokacin da aka yi karon, kuma masana tsuntsaye sun karɓi labarin bayan sun gwada gashin da na mikiyoyin da ke ajiye a gidan tarihi. Amma kafin a shiga batun tsuntsu, yana da kyau mu daidaita fahimtarmu a kan iskar kanta. Mutane da yawa suna zaton cewa idan aka yi sama oksijin ne yake ƙarewa a cikin iska, alhali rabonsa bai canza ba, yana nan kusan kashi 21 cikin ɗari, ko a Bauchi ko a ƙololuwar dutsen Ebares, wanda ya fi kowane dutse tsayi a duniya. Abin da yake raguwa shi ne nauyin iskar, wato matsin da take yi. Iskar da ke ƙasa a danne take saboda wadda ke samanta, ta sama kuwa a sake take, don haka duk shaƙa ɗaya da mutum ya yi abin da ke shiga ƙirjinsa kaɗan ne, kuma babu isasshen matsin da zai tura oksijin ya ratsa cikin jini.

A nisan mita 5,500 matsin iska rabin na bakin teku ne. A ƙololuwar Ebares, mai tsayin mita 8,849, kusan kashi ɗaya cikin uku ne. A inda aka yi karo da mikiyar Malam kuwa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mutumin da aka fitar da shi wurin kai tsaye ba tare da tukunyar iska ba, da wuya ya wuce minti ɗaya yana cikin hayyacinsa. Shi ya sa ake matse iska a cikin jirgi, ta yadda fasinja yake jin kamar yana kan tudun da bai wuce mita 2,400 ba.

Ummu_Sadiq:
Injiniya, ina so in gane inda mu muke a wannan ma'auni. Na taɓa zuwa biki a Gembu, a kan tsaunin Mambila, kuma na lura cewa idan na haura tudu da ƙafa numfashina yana sama-sama fiye da yadda na saba a gida. Shin wannan ne dalili, ko kuwa gajiyar hanya ce kawai?

Injiniya_Bajoga:
Hajiya, duka biyun suna iya haɗuwa. Garin Bauchi yana kan kusan mita 600 ne, Jos kusan 1,200, tsaunin Mambila kuwa ya haura 1,500. Wuri mafi tsayi a Nijeriya shi ne dutsen Chappal Waddi a jihar Taraba, mai mita 2,419. Baƙo yana iya jin ɗan bambanci a Mambila idan yana aikin ƙarfi, amma ciwon tsauni na sosai, mai zuwa da ciwon kai da amai da rashin barci, galibi sai an wuce mita 2,500 yake kama mutane.

Maikaji_Wunti:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma sana'ata kiwon kaji da gyaransu, kuma akwai abin da idona yake gani kullum wanda nake jin yana da alaƙa da wannan magana. Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san huhunsa babba ne, mai taushi, yana reto a cikin ƙirji, idan ka hura maƙogwaron sai ya kumbura. Na kaza ba haka yake ba. Ƙarami ne, jawur, a manne yake da ƙashin baya, har haƙarƙari sun yi masa shaida a jiki, sai ka sa ɗan yatsa ka ƙwaƙulo shi kafin ya fita. Da yawa daga masu gyaran kaza ma barinsa suke yi a ciki ba su sani ba. Sannan idan ka buɗe cikin a hankali kafin ka zaro kayan ciki, za ka ga wasu siraran fatu masu sheƙi waɗanda ake hango abin da ke bayansu, da zarar wuƙa ta taɓa su sai su saɓe. Na daɗe ina tambayar kaina yadda wannan ɗan ƙaramin huhu yake isar tsuntsu.

Dakta_Likitar_Dabbobi:
Malam Maikaji, abin da ka bayyana shi ne tushen amsar gaba ɗaya, kuma ka kwatanta shi daidai. Waɗannan siraran fatun jakunkunan iska ne, kuma yawancin tsuntsaye guda tara suke da su, wasu a gaba wajen wuya da ƙirji, wasu a baya wajen ciki. Huhun tsuntsu ba ya kumbura ba ya motsewa kamar namu. Jakunkunan ne suke aikin zugazugin maƙeri, suna zuƙo iska suna tura ta, shi kuwa huhun yana zaune wuri ɗaya iska tana ratsa shi.

Ga yadda abin yake tafiya. Idan tsuntsu ya shaƙi iska, mafi yawanta tana wucewa ne zuwa jakunkunan baya. Idan ya fitar da numfashi, wannan iskar sai ta taso daga jakunkunan baya ta bi ta cikin huhu. A shaƙa ta biyu sai ta bar huhu ta shiga jakunkunan gaba, a fitarwa ta biyu kuma ta fice waje. Ke nan iska tana bin huhun tsuntsu ta hanya ɗaya ce, daga baya zuwa gaba, ko yana shaƙa ko yana fitarwa. Mu kuwa ta ƙofar da iska ta shiga ta nan take komowa, kuma ba ma iya fitar da ita duka, saboda haka sabuwar da muka shaƙa kullum tana gaurayuwa da tsohuwar da ta rage.

Akwai abu na biyu da ya fi wannan muhimmanci a wurina. A cikin huhun tsuntsu iska tana bin wasu ƙananan bututu ne, jini kuma yana gilma musu ta gefe, don haka jinin yana haɗuwa da iskar a wurare daban-daban na tsawon bututun, yana tsintar oksijin a kowane mataki. Wannan tsari yana tatsar iska fiye da namu. Ƙari a kan haka, shingen da ke tsakanin iska da jini a huhun tsuntsu ya fi na dabbobi masu shayarwa siranta ƙwarai, kuma ya sami damar yin sirantar ne saboda huhun ba ya miƙewa da motsewa, balle a ji tsoron ya yage. Zuciyar tsuntsu ma, idan aka gwada da girman jikinsa, ta fi ta dabba mai shayarwa girma.

Maikaji_Wunti:
Na gode Dakta, Allah ya ƙara ilimi. To wannan ramin da ke cikin ƙashin fiffike fa, shi ma da iska yake da alaƙa?

Dakta_Likitar_Dabbobi:
Ƙwarai kuwa. Wasu daga cikin jakunkunan suna da rassa da suka shiga cikin ƙasusuwa, musamman babban ƙashin fiffike. Tun a ƙarni na 18 wani likita a Ingila mai suna John Hunter ya nuna cewa tsuntsun da aka toshe wa maƙogwaro yana iya jan iska ta karyayyen ƙashin fiffikensa. Sai dai ba a musayar oksijin a cikin ƙashi ko a cikin jakunkunan, wannan aikin huhu ne shi kaɗai.

Ummu_Sadiq:
Dakta, a nan ne kaina ya ɗaure. Idan kazar da ke tsakar gidana tana da wannan huhun iri ɗaya da na mikiya, ashe ba huhun ne ya bambanta su ba. Malam yana tambaya ne a kan tsuntsayen da ke kaiwa can ƙololuwa, ba kowane tsuntsu ba.

Ɗalibi_Yelwa:
Mama, da izininki zan ɗan sa baki. Gaskiya ne akwai ƙarin abubuwa ga masu hawa sama sosai, amma ko tsuntsun da bai taɓa ganin tsauni ba ya fi dabba mai shayarwa jure ƙarancin iska. A shekarar 1968 wani masani a Amurka mai suna Vance Tucker ya sa gwara da ɓeraye a cikin akwatin da aka rage wa matsin iska har ya yi daidai da nisan mita 6,100. Ɓerayen sun kwanta kamar sun suma, su kuwa tsuntsayen suna nan garau, har suna iya tashi. Dalilin haɗa su shi ne girmansu kusan ɗaya ne, kuma buƙatar jikinsu ta oksijin ba ta da nisa da juna. Abin da na fahimta daga wannan shi ne, kowane tsuntsu an riga an ba shi babban kaso na abin da ake buƙata, masu ƙetare tsaunuka kuma ƙari aka yi musu a kai.

Dakta_Likitar_Dabbobi:
Ɗalibi ya kawo hujja mai kyau, kuma akwai wani sirri a cikin gwajin nan da ya kamata a fito da shi. Duk mai rai idan iska ta yi masa kaɗan, abin da yake fara yi shi ne ya hanzarta numfashi. Amma yawan numfashi yana kwashe iskar kabon, wato gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa, daga jini fiye da kima, kuma a jikin mutum idan kabon ya yi ƙasa sai jijiyoyin jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa su tsuke. Duk macen da ta taɓa durƙusawa tana hura ɗanyen itace a murhu har jiri ya ɗebe ta, wannan ne ya same ta. To mai hawan dutse yana tsakanin wahala biyu ne, domin idan bai yi haki ba oksijin ba zai ishe shi ba, idan ya yi da yawa kuma jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwarsa ya ragu. Tsuntsaye ba su da wannan matsala yadda muke da ita. Suna iya yin numfashi da ƙarfi, kabon ya sauka ƙasa sosai, amma jini ya ci gaba da isa ƙwaƙwalwarsu.

Baban_Amira:
Ni a ganina ba mikiya ce ta cancanci a jinjina wa ba a wannan fage, dinyar Indiya ce mai zane biyu baƙaƙe a ƙeya. Tana zaman lokacin sanyi a Indiya, idan lokacin ƙwai ya yi sai ta ƙetare tsaunukan Himalaya zuwa Tibet da Mongoliya, kuma duk shekara take yin haka, tafiya da dawowa. Ta saman Ebares ma take bi. Mikiya sau ɗaya aka gan ta a can, wannan kuwa hanyarta ce.

Mai_Kallon_Tsuntsaye_Yankari:
Baban Amira, na yarda da rabin maganarka, amma batun bin saman Ebares yana buƙatar gyara. Asalinsa labarin wasu masu hawan dutse ne na shekarun 1950 da suka ce sun gani ko sun ji kukan dinya a saman ƙololuwa, kuma an daɗe ana maimaita shi. Da aka zo aka ɗaura wa tsuntsayen na'urorin bin sawu, sai aka ga wani abu daban. Nisa mafi tsawo da na'ura ta nuna shi ne mita 7,290, kuma mafi yawan tafiyarsu ba ta kai mita 6,000 ba, domin kwazazzabai da mashigin tsaunuka suke bi. Binciken da aka fitar a 2015 ya nuna cewa ba sa hawa can sama su miƙe a layi ɗaya kamar jirgi. Ƙasa suke bi, idan tudu ya taso su taso, idan kwari ya zo su sauka, ko da kuwa za su sake hawa daga baya, saboda tashi a cikin iska maras nauyi yana cin ƙarfi ƙwarai, fiffike ba ya samun abin da zai tokara. An kuma lura cewa sun fi yin hawan da dare ko da asuba, lokacin da sanyi ya sa iska ta ƙara nauyi.

Wannan bai rage musu daraja ba ko kaɗan. Tsuntsun da zai taso daga kusan bakin teku ya haura Himalaya cikin awa bakwai zuwa takwas, yana kaɗa fiffike ba hutawa, ya yi abin da ɗan Adam ba zai iya ba, domin masu hawan Ebares makonni suke yi suna sabawa da wurin mataki-mataki kafin su doshi ƙololuwa. Abin da nake so a lura da shi shi ne cewa dabarar tafiya tana cikin amsar tambayar Malam, ba ginin jiki kaɗai ba.

Sista_Hauwa_Dukku:
Tunda an zo kan dinya, bari in kawo ɓangaren jini, wanda shi ne na fi sani saboda aikin asibiti. Abin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini shi ne himogulobin, wanda yawancinmu a nan mun san sunansa ta dalilin gwajin sikila kafin aure. Ciwon sikila ya samo asali ne daga canjin ƙwaya ɗaya tak a cikin jerin ƙwayoyin da suka haɗa himogulobin, kuma kowa ya ga irin wahalar da wannan ɗan canji yake jawowa. To ita ma dinyar Himalaya an gano tana da 'yan canje-canje a nata himogulobin, har da guda ɗaya da aka fi yin nazari a kansa, amma ita nata alheri ya zame mata, domin yana sa jininta ya cafki oksijin da ƙarfi ko da kaɗan ne a cikin huhu. Mikiya ma an binciki jininta an sami nau'in himogulobin mai irin wannan ƙarfin kamu.

Bayan jini, huhun wannan dinya ya fi na sauran dangin agwagi masu girmanta girma, tana jan numfashi mai zurfi maimakon gajere-gajere, kuma ƙananan jijiyoyin jini sun fi yawa a naman ƙirjinta da zuciyarta, don haka oksijin ba ya yin doguwar tafiya kafin ya isa inda ake ƙona shi.

Ɗalibi_Yelwa:
Anti Hauwa, ƙari a kan naki, a 2016 an fitar da wani nazari da aka gwada himogulobin na nau'o'in tsuntsaye 56, ana haɗa na tsauni da ɗan'uwansa na ƙasa. Kusan ko'ina na tsaunin ya fi ƙarfin kama oksijin, amma canjin da ya kawo hakan ba iri ɗaya ba ne a tsakaninsu. Sannan a 2019 an buga sakamakon aikin Jessica Meir, wadda daga baya ta je sararin samaniya a ƙarƙashin hukumar NASA. Ita ta reni 'ya'yan dinyar tun daga ƙyanƙyasa har suka saba da ita, aka koya musu tashi a Kanada a cikin wani dogon ɗaki da inji ke hura wa iska, da takunkumi a fuska, ana rage musu oksijin. An ga cewa suna rage yawan ƙarfin da jikinsu yake ci, kuma jinin da ke komawa huhunsu yana yin sanyi idan suna tashi, shi kuwa jini mai sanyi ya fi kama oksijin.

Alhaji_Bappa_Kumo:
Na karanta bayanan nan duka, kuma na gamsu cewa tsuntsu yana iya rayuwa a can. Amma har yanzu ina nan a kan cewa mikiyar Abijan ba da niyya ta je ba. Me za ta ci a nisan kilomita goma sha ɗaya? Mushe take nema, shi kuwa mushe a ƙasa yake. Ni na fi karkata ga cewa guguwar hadari ce ta ɗaga ta.

Mai_Kallon_Tsuntsaye_Yankari:
Ranka ya daɗe, tambayarka tana kan hanya, domin ba nan ne wurin kiwonta na kullum ba, ta fi yawo ƙasa da mita 6,000. Amma a tuna cewa mikiya ba kaɗa fiffike take yi ta hau ba. Tana jira ne rana ta ɗaga, ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara tashi, sai ta buɗe fikafikanta masu faɗin sama da mita biyu ta shiga ciki tana kewayawa, iskar tana ɗaga ta. Duk wanda ya zauna a fili da hantsi ya ga shirwa da shamuwa suna yin haka. Saboda ba ta kashe ƙarfi sosai, buƙatarta ta oksijin ba ta kai ta dinyar da ke kaɗa fiffike ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin bai dace a jera lambobin biyu a ce wannan ta fi wancan ba. Ko iskar ce ta wuce da ita inda ba ta nufa ba, abin lura shi ne jikinta ya ɗauka.

Baba_Alkaleri:
'Ya'yana, ina bin maganarku da sha'awa, amma akwai abin da yake damuna. Muna ta yabon tsuntsun da yaranmu ba su taɓa gani ba. Da muna samari, idan saniya ta faɗi a daji, kafin makiyayi ya je gari ya dawo manyan ungulayen nan sun sauko sun rufe ta, sai ka ga sama babu komai, can kuma ka ga ɗigo-ɗigo suna ƙara girma. Ƙaramar ungulu kuwa ba a rasa ta a mahauta da bakin kasuwa. Yanzu sai mutum ya shekara bai ga ko ɗaya ba.

Dakta_Likitar_Dabbobi:
Baba, gaskiya ka faɗa, kuma abin ya wuce yankinmu. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa mikiya da ungulun gari a sahun waɗanda ke gab da ƙarewa. Manyan dalilan su ne gubar da ake zubawa a mushe, da kuma kama su da ake yi ana sayar da kai da ƙafafu da ƙwai ga masu haɗa magungunan gargajiya. Tsuntsu ne mai yin ƙwai ɗaya a shekara, don haka idan aka kashe manya ba a mayar da gurbinsu da wuri. Rashinsu kuma yana nufin mushe ya daɗe a fili, karnuka da ƙudaje su yi ta yawo da cuta.

Malam_Ɗan_Azare:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Maganar Baba za ta shiga darasina, domin yara su san cewa tsuntsun da ya kafa wannan tarihi namu ne kuma yana cikin haɗari. Amma ina so in dawo kan asalin tambayar ta wata fuska. Duk misalan da aka kawo manyan tsuntsaye ne. Shin ƙananan da ke zuwa mana daga Turai lokacin sanyi su ma suna yin sama haka, ko kuwa ƙasa-ƙasa suke bi?

Mai_Kallon_Tsuntsaye_Yankari:
Malam, suna yi, kuma ba a daɗe da gano girman abin ba. A 2021 masu bincike daga Suwidin sun fitar da sakamako a kan wani ɗan tsuntsu mai zama a cikin ciyayin fadama, wanda nauyinsa kusan giram 30 ne, yana ƙwai a Turai yana zaman lokacin sanyi a Afirka kudu da Sahara. Idan yana ƙetare hamada, da dare yana tafiya a wajen mita 2,400, amma da gari ya waye sai ya haura sama da mita 5,000, wasu har sun wuce 6,000. A shekarar dai aka ba da rahoton wani tsuntsun fadama mai dogon baki da ya kai kusan mita 8,700 a kan hanyarsa ta zuwa Afirka. Masanan suna ganin gudun zafin rana ne yake kai su can, domin naman da ke kaɗa fiffike yana haifar da zafi mai yawa, kuma iska tana yin sanyi da kusan digiri shida da rabi a duk mita dubu da aka hau. Wasu kuma suna ganin gudun shaho da sauran masu farauta ne. Waɗannan ba tsuntsayen tsauni ba ne, a fadama suke rayuwa, wanda ya ƙarfafa abin da Ɗalibi ya faɗa tun farko. Wanda yake son ganin yadda ake nazarin irin waɗannan baƙi, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, ba ta da nisa da mu.

Baban_Amira:
Duk da haka ni ina ganin akwai bambanci tsakanin mai wucewa da mazaunin wuri. Wanda ya yi awa goma a sama ya sauko ba ɗaya yake da wanda zai kwana, ya yi sheƙa, ya ƙyanƙyashe 'ya'ya a can ba. Akwai wani dangin hankaka mai rawayan baki a Himalaya da aka sami sheƙarsa a mita 6,500, kuma yana bin masu hawan dutse har sansanoninsu na sama yana tsintar abinci. A tsaunukan Andis na Kudancin Amurka kuma akwai 'yan mitsi-mitsin tsuntsaye masu shan ruwan fure, waɗanda idan dare ya yi sukan saki jikinsu ya yi sanyi don kada abincin da suka tara ya ƙare kafin safiya, har an auna wani da zafin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri huɗu, da safe kuma ya farfaɗo ya tashi. Irin waɗannan ne nake ganin suka fi dacewa da a ce sun saba da tsauni.

Maikaji_Wunti:
Dakta, maganar mazaunin wuri ta tuna mini wani abu da ya shafi sana'armu. Wani abokina da ke kiwon kajin nama a kan tsauni yana kukan cewa manyan kajinsa, waɗanda suka fi saurin girma, su ne suke mutuwa, idan an feɗe sai a tarar ciki cike da ruwa rawaya. Ni ma nakan ga haka jefi-jefi lokacin hunturu. Idan huhun tsuntsu yana da kyau haka, me ya sa kaza take kasawa?

Dakta_Likitar_Dabbobi:
Wannan ciwon sananne ne, kuma ƙarancin oksijin ne tushensa. Kajin nama an zaɓo irinsu ne don su tara tsoka cikin makonni shida zuwa bakwai, amma huhu da zuciya ba sa girma daidai da naman. Idan iska ta yi kaɗan sai zuciya ta dinga tura jini cikin huhu da ƙarfi, huhun kuma ka riga ka gani da idonka ba ya buɗewa, har ɓangaren dama na zuciyar ya kumbura ya gaji, ruwa ya fara taruwa a ciki. An fi ganinsa a wurare masu tsayi, amma yana faruwa a ƙasa ma idan aka rufe ɗaki ruf da tamfol saboda sanyi, aka kuma kunna gawayi a ciki, domin wutar tana cin iskar da kajin za su shaƙa. Ka ce wa abokinka ya bar kafar shigar iska ta sama ko da ana sanyi, ya kula da ɗumin ɗakin, kuma ya ɗan rage saurin girmansu a makonnin farko ta hanyar taƙaita abinci ko awannin haske.

Ummu_Sadiq:
To ƙwai fa, Dakta? Ɗan tsakon da ke ciki ba shi da jakar iska ko fiffike, ta yaya yake samun nasa rabon a kan tsauni?

Dakta_Likitar_Dabbobi:
Hajiya, ta ɓawo yake numfashi. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, oksijin yana shiga ta nan, kabon da tururin ruwa suna fita. A kan tsauni matsalar biyu ce, domin oksijin da ke shiga ya ragu, ruwan ƙwan kuma yana ƙafewa da sauri saboda iskar ba ta da nauyi. An gano cewa tsuntsaye da dama masu ƙwai a tsauni suna rage yawan ƙofofin ɓawon don tsare ruwa, wanda ke nufin ɗan da ke ciki dole ya jure ƙarancin iska tun kafin ya fito. Kajin Tibet, da suka daɗe a can, suna ƙyanƙyashewa da kyau a inda ƙwan kajin da aka kawo daga ƙasa yake lalacewa da yawa. Saboda haka wanda zai kafa injin ƙyanƙyasa a wuri kamar Mambila sai ya kula da danshin injin da shigar iska fiye da wanda ke Gombe, kuma zai fi samun nasara da ƙwan kajin da aka kiwata a can kan tsaunin.